Jirgin da maigidana ya yi wa wuta

Wata uku da aurenmu asirin maigidana ya tonu, a masallacin Ƙofar Kware. A sahu yakan ware ƙafafu fiye da kowa, yana ɗan rangaji kamar ƙasa na motsi. Wani ɗan kasuwa da ya san Lakwaja ya gani, ya ce wa mahaifina, "Malam, surukinka tsayuwar ma'aikatan jirgin ruwan Nasara gare shi."

Ni na sani tun satin farko, na ɓoye. Mahaifina kuwa ƙannensa biyu ya binne ranar da Nasara suka shigo Sakkwato, ko gishirin kantinsu bai yarda a sa masa a miya ba.

Bayan La'asar ya aiko mu zo, mu biyu. Inna ta tare ni a tsakar gida ta ce, "Ɗiyata, in ya ce ki zauna, kada ki yi gardama." Na ga har an share ɗakina na da, an shimfiɗa tabarma.

A zaure mahaifina bai amsa gaisuwa ba. Ya ce, "Wane jirgi?"

Maigidana ya durƙusa ya faɗi komai. Jirgin yaƙi ne mai igwa biyu, yana hawa kogin Kwara yana sauka. Shi yana can ƙasa, yana cusa itace a wutar tukunyar inji. Shekara huɗu haka. Da jirgin ya tsufa aka cire igwogin, aka ɗaure shi a Lakwaja ana koya wa sababbin ma'aikata tuƙi da ɗaurin igiya, ya ƙara shekara shida a nan.

Mahaifina ya ce, "Jirgin ya taɓa harbin gari?"

Na roƙi Allah a zuciyata ya ce bai sani ba. Wa zai ƙaryata shi?

"Allah shi gafarta Malam, sau uku. Ban gani ba, amma na ji a ƙafafuna. Da na bar wutar ta mutu, da bai kai can ba."

"To mi ya hana ka?"

"Tsoro."

Carbin mahaifina ya tsaya. Ya juyo gare ni. "Ke kin sani?"

Na ce na sani, Baba. Na ce duk ranar Alhamis maigidana yana azumi, ya sa in dafa fura mai yawa a kai wa masu jinya, bai taɓa gaya mini dalili ba, ni ma ban tambaya ba.

Sannan mahaifina ya ce wa maigidana, "Ni ban iya cin abinci da kai, wataƙila har in mutu. Amma ban raba auren wanda bai yi mini ƙarya ba. Ɗauki matarka."

Haka kuwa aka yi. Shekara goma sha ɗaya ina dafa musu tuwo a tukunya guda, ina zubawa a akushi biyu, a kai wa Baba nasa.