Jan Kirtani a Wuyan Jarka

"An ce Manaja ya ba ta zuwa Alhamis."

"Ta yi me?"

"Ta sauke katunan nan daga bango, ta kwance kirtanin jarkoki. Baƙi za su zo duba aiki."

"Ita kuma ta ce me?"

"Ta ce ta ji."

"Ta ce ta ji? To, wallahi ba za ta sauke ba. Duk ran da matar nan ta ce maka ta ji, nemi wajen zama."

"Rufe mana baki, ga ta nan tafe."

A ɗakin canja kaya na masana'antar rinin yadi ake wannan hira, da safiyar Litinin. Wadda ake zancenta ta wuce ta bakin ƙofa, makullan sito suna kaɗawa a hannunta, ta ce, "Na ji ku sarai. Hancina ne ya mutu, ba kunnena ba." Ba ta ko waiwaya ba.

Yaya Hanci ake ce mata, babba da yaro. Ba girman hancin ne ya jawo mata sunan ba, don nata ɗan ƙarami ne. Shekara goma sha biyar ta yi tana haɗa rini a masana'antar. Sinadaran aikin suna zuwa ne a manyan duro, kowanne da takarda a jikinsa cikin yaren da babu mai karanta shi a ɗakin rini. Duro ba ya ɗaukuwa, sai a tsiyaya a ƙananan jarkoki farare, duk iri ɗaya, a kai bakin inji. Jarka kuwa ba rubutu. Idan aka rikice, sai a ƙwala mata kira. Ta murɗe murfi, ta kai hanci, ta lumshe ido.

"Wannan bilic ne. Wancan Mai Cizo ne, ku yi nesa da shi."

Mai Cizo shi ne asid, a bakin 'yan rini, bilic kuwa shi ne ruwan da ke cire launi. Ba ta taɓa kuskure ba. Har tafi ake yi mata, ita ma tana jin daɗin abin, ba ta musu.

Wata Asabar da rana tana zaune a tsakar gida tana tsintar shinkafa, 'yarta ta faɗo da gudu.

"Mama! Ba ki ji ba? Tukunya ta ƙone ƙurmus, maƙwabta har sun fito!"

Ta juya ta ga hayaƙi yana tuɗaɗowa daga kicin, taku biyar daga inda take. Ta ja numfashi da ƙarfi. Ba ƙauri, ba komai. A asibiti likita ya leƙa hancin, ya tambaye ta aikinta, ya ajiye biro ya ce abin da ya tafi ya tafi. Tun daga ranar ba ta sake jin ƙanshin turare ba. Da aka miƙa mata jikarta ta fari, ta kai fuska wuyan jaririyar yadda kowace kaka ke yi, sannan ta mayar da ita hannun uwarta ta ce rana ce ta shigar mata ido.

Masana'anta ta mayar da ita sito, wai ta huta. Ba ta huta ba. Wata uku tana zarya ofishin manajan wancan lokaci har ya gaji ya ba ta takardun bayanin da ke zuwa da duro, waɗanda aka kulle a kabad ba mai taɓawa. Ƙarshen mako 'yarta ta karanta ta fassara, ita kuma ta rubuta. Abin da takarda ba ta faɗa ba, ta bi tsofaffin ma'aikata har gida ta tambayo. Wasu suka nuna mata tabo, wasu tari ya amsa musu.

Kowane sinadari ta yanka masa katin kwali. A gaba, sunan da ke jikin duro, harafi bayan harafi, da sunan da 'yan rini ke kiransa, da zanen hannu ko ido ko ƙirji, wato inda yake kamawa, da abin da ba a haɗa shi da shi ko da wasa. A bayan katin kuma, wanda ya taɓa yi wa illa. "Ya ƙone bayan hannun Dogo." "Ya kwantar da mutum huɗu ran da ya haɗu da bilic a kwata." Sannan ta ware wa kowanne launin kirtani: ja na Mai Cizo, shuɗi na bilic, baƙi na soda. Jarka ba ta fita sito sai ta ɗaura mata nata a wuya. Wanda bai iya karatu ba ya iya launi.

Ƙanenta, Auta, mai fenti ne a wuraren gini, kuma shi ya fi kowa yi mata tsiya.

"Yaya, an ce yanzu ke ce likitan jarka. Yaushe za ki fara yi musu allura?"

"Ran da ka kawo kanka, da kai zan fara."

Ya kawo kansa kuwa. Wani abokin aikinsa mai sa tayil ya ɗauki robar ruwa da tsakar rana ya kurɓa, ashe tina, ruwan tsinka fenti, aka zuba a ciki. Kwana uku yana asibiti. Auta ya zo da buhu cike da gwangwanayen da aka gama da su, na tina, na gam, na maganin gara da ake shafa wa katako. Ya zube su a gabanta, bai yi tsiya ba ranar. Haka layi na biyu na katuna ya hau bangon sito. Lokacin hutun rana masu gini sukan tsaya a bakin ƙofar masana'anta da gwangwani a hannu suna jiran ta. Dokarta ɗaya ce: kawo gwangwanin asali da rubutunsa. Wanda ya ce, "Ni da na shinshina na ji kamar…" ba ta barin sa ya ƙarasa.

Sabon Manaja ya zo bara. Ba mugu ba ne, kuma ba malalaci ba. Cikin wata biyu ya sa aka shigar da duk takardun bayani a kwamfuta, abin da ya burge ta har ta je ta yi masa sannu. Amma katunanta sun tsone masa ido. Da kamfanin da ke sayen yadinsu ya ce zai turo masu duba aiki, sai ya kira ta.

"Baba, kin yi ƙoƙari, ba wanda zai ce ba ki yi ba. Amma kwali da kirtani? Mutanen nan za su ɗauka wasa muke yi. Na sa a buga takardun mannawa masu kyau, kowace jarka da tata."

"Madalla, ranka ya daɗe. A manna, a bar kirtanin."

"A'a. Kuma an ce min har sunayen waɗanda suka ji ciwo kike rubutawa a baya. So kike baƙo ya juya kati ya karanta?"

"Kai ka juya ka karanta?"

"Ba ni da lokacin wannan. Zuwa Alhamis."

"Na ji."

Talata ta wuce, katuna na nan. Laraba ma har ƙarin ƙusa ta buga wa wanda ya karkace. Da aka tashi aiki ta tafi gida, sai Manaja ya kira masu shara. Suka sauke katunan suka zuba a kwali, ya kulle a ofishinsa. Ya ce su yanke kirtanin nan duka, su goge jarkokin, su jera su tsaf, gobe da sassafe a manna sababbin takardu.

Masu shara sun yi aiki tsakani da Allah. Sun yanke, sun goge, sun tattaro jarkoki daga bakin kowane inji sun jera su layi ɗaya a jikin bango, manya a baya, ƙanana a gaba.

Alhamis da ƙarfe bakwai da rabi 'yan rini suka tarar da Manaja tsaye gaban jarka talatin da biyu, farare fes, murafe a rufe. A hannunsa akwai takardun mannawa talatin da biyu. Yana duban takarda, yana duban jarka.

Dogo, tsohon mai kula da babban inji, ya yi gyaran murya. "Ranka ya daɗe, wacce za a manna wa wacce?"

"Yana cikin kwamfuta."

"Kwamfutar ta san abin da ke cikin ta ukun nan daga hagu?"

Wani daga baya ya ce, "A kawo ta nan ta leƙa mana." Aka kwashe da dariya, aka haɗiye ta da sauri.

Baƙi ƙarfe goma za su iso. Injuna shiru. Manaja ya share goshi, sai ga Yaya Hanci ta shigo. Ta leƙa sito ta dubi bango, ƙusoshi tsirara, wani mai shara ya raɗa mata inda aka kai katunan. Ta dubi layin jarkokin. Ta ajiye jakarta a hankali.

"Yawwa, Baba!" Fuskarsa ta saki. "Allah ya kawo ki. An ce min ke a da shinshina ɗaya kike yi ki faɗi komai. Taimaka mana, minti goma ya ishe ki."

Dogo ya sunkuyar da kai.

"Wa ya ba ka labarina ya tsaya a rabi?" in ji ta. "Hancin da kake nema yana cikin jarkokin nan shekara takwas ke nan. Yana rubuce a bayan kati na farko, wanda ba ka da lokacin juyawa."



Dogo ya matso. "Bari in gwada, Yaya. Ai bilic ko yaro ya san warinsa. Sau ɗaya ne." Ya kai hannu kan murfi.

Ta buge hannun, wanda ke da tabon. "Ni ma sau ɗaya ne, kullum sau ɗaya ne. In ka dace da bilic, sauran fa? In ka buɗe Mai Cizo a fuskarka fa? Sake shi!"

Ta jawo kujerar roba ta dasa a gaban layin, ta zauna, ta harɗe hannuwa.

"Yau babu hancin da zai shiga jarka a ɗakin nan. Wanda ya matsu, ga su nan, ya fara da nasa." Ta dubi Manaja. "Bismillah, ranka ya daɗe. Naka sabo ne."

"Baba, kin san zan iya sallamar ki a kan wannan?"

"Na sani. Sallame ni, in zauna a bakin ƙofa tare da masu gini. Baƙin ma ta nan za su wuce."

"To, yanzu me kike so a yi? A zubar?"

"A zubar a kwata ɗaya, bilic ya gamu da Mai Cizo, mu kwanta gaba ɗaya har da baƙin? Wannan ma yana bayan kati. A kai su ɗakin baya a kulle, a rufe yadda suke, a kira masu gwaji su zo da kayan aikinsu. Akwai sababbin jarkoki ashirin a sito. A tsiyaya daga duro, ɗaya bayan ɗaya, a gabana. Kai ka manna takardarka, ni in ɗaura kirtanina. Dogo ba ya karanta yaren takardarka, amma ya san ja."

Ta sa hannu a jaka ta fito da ƙullin kirtani uku, ja da shuɗi da baƙi, ta ɗora a cinya. Da su take yawo ko biki za ta.

Manaja ya dubi agogo. Takwas da kwata. Mutum goma sha biyu suna tsaye suna kallon sa, babu wanda ya nufi inji.

"Katunan kuma," ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "a bar su sai baƙi sun tafi."

"Jarka ba za ta cika ba sai katinta yana bango. Da gabansa da bayansa." Ta miƙe, ta buɗe tafin hannu a gabansa. "Ranka ya daɗe, lokaci na tafiya. Ba ni makullin ofis in ɗauko kwalina."