MaShezi Mai Kwantar da Wayoyi

Duk ranar Juma'a, kafin a buɗe wa fasinjoji ƙofar tashar jiragen ruwa ta Durban a Afirka ta Kudu, MaShezi ta riga ta shafa wa ƙafafunta man zafi, ta cusa su cikin baƙin takalmin aiki, ta hauro daga ɗakinta marar taga da ke can ƙasan jirgi. Takan jera katunan intanet a teburinta na hawa na biyar, ta sha shayi a tsaye, sannan ta bar teburin ta je ta kafe a bakin gadar da ake bi a shigo jirgin. Ba wanda ya ajiye ta a wurin. Ita ta ajiye kanta, shekara da shekaru.

Sunanta Duduzile, amma da sunan gidan ubanta ake kiranta, kamar kowace matar da ta isa. Shekara goma sha huɗu ta yi tana sayar da intanet a jirgin shaƙatawar da ke kai mutane tsibiran Mozambik ya dawo da su bayan kwana uku. Ni a gefenta nake tsayawa da kyamara ina ɗaukar hoton masu shigowa, saboda haka yawancin abin da zan faɗa da idona na gani.

Daga nesa take gane sabon shiga. Shi ne mai sabon takalmi, mai ɗaga waya sama yana nuna wa mutanen gida tsayin jirgin. Sai ta tare shi da murmushi.

"Baba, barka da zuwa. Kawo wayar nan in kwantar maka da ita."

"Ciwo take yi?"

"Yanzu dai lafiyarta ƙalau. Bari mu shiga teku ka ga cin da za ta yi."

Da zarar jirgi ya yi nisa da gaɓa, sabis ɗin gida yakan ɓace, wayar kuma ba ta neman izinin kowa, sai ta kama na jirgin, wanda ke bi ta tauraron ɗan'adam. Mai ita yana can yana cin kifi, ita tana cikin aljihu tana sauke hotunan biki da bidiyon jikoki a farashin da ba a faɗa wa mai hawan jini. Maganin kuwa ɗan ƙarami ne: a danna hoton jirgin saman nan da ke jikin kowace waya, ta daina neman sabis, wanda yake son intanet ya sayi kati. An rubuta haka a littafin da ake ajiyewa a kowane ɗaki, shafi na talatin da ɗaya, da Turanci, da ƙananan baƙaƙe.

A shekararta ta biyu, wata malamar firamare daga Eshowe ta zo ta jira ta a ƙofar ma'aikata, da takardar kamfanin waya a hannu. Rand dubu goma sha tara a kuɗin ƙasar, fiye da kuɗin tafiyar sau uku. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "'Yar uwa, ta gabanki na wuce da wayar a hannuna. Me ya hana ki magana?" Juma'ar da ta biyo baya aka fara ganin MaShezi a bakin gada.

Tun farko ta lura cewa in ta ambaci jirgin sama, gardama ce za ta tashi, don mutum ya san a jirgin ruwa yake. Sai ta daina ambatonsa. Ta karɓi wayar da hannu biyu, ta danna da kanta, ta mayar. "Ta yi barci. In mun dawo, zo in tashe ta." Wanda ya zo tebur sayen kati kuma ba ta barinsa ya ɗauki babban don kunya. "Saƙo kaɗai za ki tura wa yara, Mama? Ƙaramin ya ishe ki. Babban na masu kallon ƙwallo ne."

Ke ce, MaShezi, mai wata shida a kan ruwa ba ki ga ƙofar gidanki a Umlazi ba. Ke ce kika ji labarin rasuwar yayanki a tsakiyar teku, kika wanke fuska, kika koma tebur don layi ya yi tsawo. Na sha ganin masu takardar digiri irina suna wuce ki kamar kujera, kuma a cikinmu babu wanda ya san jirgin nan da mutanensa rabin yadda kika sani.

A bara aka kawo sabon manaja, Mista Varga. Sati biyu ya yi yana kallo, sannan ya kira ta ofis. Kamfanin jirgin yana da kasonsa a duk abin da wayoyi suka ci a teku, kuma ya ga jirginmu ne na ƙarshe a wannan fanni. Ya ce an ɗauke ta ne ta sayar, ba ta yi wa'azi ba, gargaɗi kuma yana cikin littafi. In aka sake ganinta a bakin gada, ko aka ji ta tana hana fasinja amfani da wayarsa, ta haɗa jakarta ta sauka a Durban.

Shekararta hamsin da shida. 'Yarta Sindi tana da sauran shekara biyu a makarantar koyon jinya, kuma albashin jirgin nan ne ke riƙe da ita. Ba wani jirgi da zai ɗauki mace mai waɗannan shekarun da kumburarrun ƙafafu. MaShezi ta ce, "Na ji, ranka ya daɗe." Juma'a uku ta zauna a tebur tana kallon sababbin takalma suna wucewa. Ta daina cin abinci tare da mu.

Juma'a ta huɗu, motoci biyu suka sauke tsofaffi arba'in da biyu daga wata majami'a a Nongoma. Shekara uku suna adashi don wannan tafiya. Matan da jajayen rigunansu na ƙungiya da fararen huluna, da bokitin cincin a hannu don ba su yarda da abincin jirgi ba. Kowa da wayar da ɗa ko jika ya saya masa, yawancinsu a kan layin da ake biya ƙarshen wata. Suka wuce ta gaban teburinta suna gaishe ta ɗaya bayan ɗaya. Na ga hannunta ya kama gefen teburin ya ƙi saki.

Kafin jirgi ya tashi, dole kowa ya taru don atisayen ceto, kuma MaShezi ce ke mayar da bayanin zuwa harshen Zulu a hawa na bakwai. Ranar, Mista Varga ya zo ya tsaya a bayanta, hannu a goye. Ba ya jin ko kalma ɗaya ta Zulu. Ta nuna yadda ake ɗaura rigar ceto, ta nuna inda kwale-kwale yake. Sannan, da muryar nan dai, ba ta ɗaga ba ba ta sauke ba, ta ce:

"Iyayena, kowa ya sa hannu a jaka a hankali ya taɓa wayarsa. Kada ku ɗaga ta. Ku ja yatsa daga sama zuwa ƙasa, za ku ga ɗan hoton jirgin sama. Ku danna."

Ba ta da halin karɓar waya arba'in da biyu a gabansa, dole ta faɗi kalmar da ta shekara goma sha biyu tana gudu. Matan suka fara lalube cikin jakunkuna. Sai Baba Zungu, tsohon ma'aikacin reluwe, ya gyara tsayuwa. Ya ga Bature a wurin, ya ga kuma dama ta nuna cewa ba a banza ya yi aji takwas ba. Ya ɗaga wayarsa sama, ya saki Turanci da ƙarfi.

"A gafarce ni! Shekara talatin na yi a jirgin ƙasa, na san jirgi. Wannan na ruwa ne. Me ya kawo jirgin sama cikin maganar wayata?"

"Zungu, rufe mana baki," in ji Gogo MaBiyela, shugabar matan, ta tsakanin haƙora. "Ba kai kaɗai ka ga allo ba."

Amma maganar ta riga ta fita. Mista Varga ya matso.

"Wace magana ake yi a kan waya?"

Hanyar tsira tana gabanta a buɗe: ta ce tsoho ne ya ruɗe, a yi dariya, a watse. Ni kaina abin da nake roƙo a zuci ke nan. Ta dubi tsohon, ta dubi matan da hannayensu ke cikin jaka. Ta cire rigar ceton daga wuyanta ta ajiye.

Da Turanci ta amsa, a hankali, don kada a ce ba a ji ba. "Baba ya yi tambaya mai kyau. Nan da minti arba'in za mu rasa sabis ɗin gida. Duk wayar da ba a danna mata wannan hoton ba, za ta ci kuɗin da ya fi na tafiyar nan. Ba sai ka hau jirgin sama ba, Baba, suna ne kawai." Ta maimaita da Zulu. Jirgi ya busa ƙaho, aka kwance igiyoyi.

Mista Varga ya ce, "Kin san abin da kika yi."

"Na sani. Ka ɗan matsa, ranka ya daɗe, lokaci nake bi."

Ta shiga cikinsu tana karɓar waya da hannu biyu. Wasu sun danna tocila, wata ta ɗauki hoton haɓarta sau goma. Gine-ginen Durban suna ta ƙanƙancewa a bayanmu. Baba Zungu ne na ƙarshe, ya ƙanƙame tasa a ƙirji, Turancin duk ya gudu.

"'Yata, matata tana kira na kowace yamma ta ji ko na sha maganina. In ta ji shiru, ba za ta ci abinci ba."

"Kira ta yanzu, Baba, tun da sauran sandar sabis ɗaya. Ka ce mata gobe saƙo za ta gani, ni zan nuna maka."

Ya kira. Yana cewa "To, uwar gida, to, na sha," MaShezi tana tsaye da hannu a miƙe. Yana kashewa ta karɓa ta danna.

Ranar Litinin da safe, da muka dawo Durban, aka ba ta takardar sallama. Ta sauko ta gadar ma'aikata da jaka ɗaya, ba wanda manaja ya bari ya raka ta. A ƙasa, motocin Nongoma sun ƙi tashi. Gogo MaBiyela ta jera matanta layi biyu a rana, Baba Zungu ya cire hula, shi ya fara jero kirarin gidan Shezi tun daga kakannin kakanni, kamar yadda ake yi wa wanda ya ɗaga sunan danginsa, matan suna guɗa. MaShezi ta wuce ta tsakiyarsu kai a ɗage. Sai da ta kai bakin titi ta zauna a kan jakarta ta cire takalmin.

Ba a mayar da ita ba, kuma ba zan yi wa mai karatu ƙaryar cewa an yi ba. Tana Umlazi tana ɗinkin kayan makaranta, Sindi tana aikin dare a wani kanti tana karatu da rana, saura mata shekara ɗaya. Na tambaye ta ko tana nadama. Ta ce, "Ta Juma'a ukun nan da na zauna nake yi."

MaShezi, mun gode. Mu da muka tsaya a gefenki muka yi shiru ranar, mun gode, kuma mun ji kunya. Duk wanda ke zaune a bayan wani tebur, a banki ne ko asibiti ko tasha, ya san wani abu ɗan ƙarami da baƙon da ke wucewa bai sani ba. Ka tashi ka faɗa masa tun yana gabanka.