Kwalabe Bakwai Zuwa Jajaye

Ranar farko: Apapa zuwa Lakwaja

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba muka bar masaukinmu a Apapa ta bakin teku, ni da Ebi. Sunana Sabi'u, mutumin Jajaye ne ni ta ƙasar Rogo. Shekara goma sha tara na yi ina hidimar abinci a jirgin ruwa na dakon kaya, yanzu na ajiye aiki na nufi gida. Ebi kuwa shi ne shugaban leburorin jirginmu, mutumin bakin teku, amma a barikin soja na Kaduna ya tashi, don haka Hausa ras a bakinsa. Shi ya nace sai ya raka ni, wai yana so ya ga ƙasar da ke fitar da gyaɗar da ya shekara yana ci a jirgi. Na san ba gyaɗa ce kaɗai ta taso shi ba.

Kayanmu jaka biyu da kwali ɗaya. A cikin kwalin akwai kwalaben giya bakwai, duk wayam, na wanke su da sabulu har sau uku. Kwandastan motar da za mu hau ya jijjiga kwalin ya ji ƙara, ya kashe mini ido. Na ce masa ya ɗora a hankali, kayan tsohuwa ne.

Ga yadda abin yake. Inna, mahaifiyata, sana'arta suyar gyaɗa, kuma kowa ya san gyaɗa ba ta da ma'ajin da ya fi kwalba mai murfi. Duk zuwana hutu nakan kawo mata fankon kwalabe daga jirgi, ita kuma ta cika mini wasu in koma da su. Ana haka wani ɗan dako mutumin Rogo Ruma ya hau jirginmu a tashar Apapa, ya ga mabuɗi rataye a wuyana, ya tambaya aka ce masa na ɗakin ajiyar giya ne. Kafin in je gida labari ya riga ni: Sabi'u ne sarkin giya na jirgi. Da na je hutu shekara uku da suka wuce, Inna ba ta tayar mini da maganar ba. Sai dai ta kawo mini ruwa a kofin roba na baƙi, ba a ƙoƙon marigayi Baba ba, wanda tun rasuwarsa a cikinsa take ba mu sha, ni da yayana. Ranar da zan fara tafiya teku abu ɗaya ta roƙe ni, kada abin maye ya shiga bakina. Kofin nan ya gaya mini ta yarda na karya alkawari. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, na rantse mata, ta ce Allah ya kyauta, ta ci gaba da tsince gyaɗarta.

Mun tsaya a Ore ƙarfe tara da rabi, Ebi ya ci sakwara, ni na sha shayi da burodi. Muka wuce Akure da Okene, shingen jami'an tsaro har na gaji da ƙirgawa. Muka isa Lakwaja bayan la'asar, tafiyar da ta haura kilomita ɗari biyar. Muka kama ɗaki kusa da tasha, fanka tana juyawa kamar ba ta so.

Rana ta biyu: Lakwaja zuwa Zariya

Ƙarfe shida muka tashi a ƙaramar mota. Direban, wani Bazazzagi mai surutu, da ya ji a teku muke aiki sai ya ce, "To Alhaji, da gaske ne ruwan ba shi da ƙarshe?"

"Yana da shi," in ji Ebi, "amma sai ka yi amai kwana goma kafin ka gan shi."

Muka ci shinkafa da wake a Gwagwalada, muka yi azahar a Kaduna, inda Ebi ya yi ta nuna mini wuraren yarintarsa da duk sun zama shaguna. Biyar da minti ashirin muna Zariya. Muka kwana gidan wani abokina mai sayar da taya.

Rana ta uku: Kwanar Dangora

Bakwai na safe muka hau motar Kano, muka sauka a Kwanar Dangora, muka ci waina ta naira ɗari biyar a tsaye, sannan muka shiga motar Ƙaraye ta hanyar Kiru. Ba mu yi nisa ba aka tsayar da mu a shinge. Wani jami'i mai furfura a gemu ya sa aka buɗe kwalin, ya ɗaga kwalba ɗaya, fuskarsa ta canja.

"Na wane ne wannan?"

"Nawa ne, ranka ya daɗe. Buɗe ka sansana."

Ya sansana, ya ji sabulu. Fasinjoji duk sun miƙo wuya. Na ga ba makawa sai na yi bayani, kuma gaskiya ban ƙi ba, don sanin aikina ne. Na ce masa a jirginmu al'ada ce idan mutum zai bar teku, kowane babba ya zuba masa daga kwalbar da ya fi so su yi bankwana. Ni da ba na sha, sai kowa ya juye tasa ya ba ni fankon, tunda sun san Inna da gyaɗarta.

Na ɗaga su ɗaya bayan ɗaya. Koriyar nan ta kyaftin ce, wiski na ƙasar Sikotlan mai warin hayaƙi kamar an ƙona tsumma, ba ya sa masa ƙanƙara, kuma ba ya taɓa shi sai jirgi ya fita daga tasha lafiya. Mai faɗin nan ta babban injiniya ce, Ba'indiye, shi baƙar giyar rake yake so, wai ita ce ta ma'aikatan jirgi tun kaka da kakanni, wiski kuwa na masu son a gani ne. Shi da kyaftin sun shekara suna wannan gardama a kan tebur. Mataimakin kyaftin fara tas yake sha mai kama da ruwa, sai an sa ta a firji ta yi sanyi ƙarara. Mutanen Filifin uku, biyu masu shan wadda ake kira jin, ɗaya burandi, su kuma ba sa sha sai da waƙa.

"Ta bakwai fa? Ba ta da ko takarda."

"Tawa ce," in ji Ebi. "Ogogoro ce, giyar garinmu. Duk sauran ruwan shayi ne."

Jami'in ya yi dariya har ya dafa mota. Ya dube ni ya ce, "Ka san su haka, kuma ka ce ba ka sha?"

"Mai sayar da maganin ɓera ma ya san kayansa, ranka ya daɗe."

Ya mayar da kwalbar da kansa, ya ce mu sauka lafiya, amma in cire takardun kafin in shiga gari.

Ƙaraye

Sha ɗaya da rabi muka sauka a Ƙaraye. Ebi ya hango ruwan dam daga nesa ya ce ashe mu ma muna da teku muke ɓoyewa. Muka taka zuwa Unguwar Hajji wurin yayana, Malam Hadi, wanda ke koyar da karatun allo a can. Inna ba ta yanke magana sai ta ji ta bakinsa, shi ya sa na fara da shi.

Muka gaisa, gida, iyali, gajiya, damina. Ya sa aka kawo wa baƙo tabarma da ruwa. Sannan Ebi ya gyara zama.

"Malam, ni mashayi ne, ba zan ɓoye maka ba. Ka san wa ake ba mabuɗin ɗakin giya a jirgi?"

"Ina zan sani?"

"Wanda ba ya sha. In aka ba ni, kafin mu kai tashar Tema ɗakin ya zama wayam. Kyaftin uku ƙaninka ya yi aiki da su, kowanne ya zo sai ya tambaya wane ne ba ya taɓawa, a nuna Sabi'u. Ni da kaina na yi shekara biyu ina jarraba shi. Ranar da igiyar ruwa ta kusa kifar da mu, kowa ya kurɓa don tsoro, shi yana gefe da carbi da shayinsa."

Ni dai ban taɓa jin an faɗi wannan da Hausa a gaban nawa ba.

"Na ji," in ji Yaya Malam. "Amma Sabi'u, ka sani mai ɗauka da mai miƙawa su ma ba su tsira ba."

"Na sani, Yaya. Hannuna ya taɓa, ban musa ba, kuma yana cikin abin da ya sa na ajiye aikin. Ina neman gafarar Allah a kansa. Amma abin da Inna ta roƙe ni bakina ne, shi kuwa na tsare shi."

Ya ce wannan tsakanina da Ubangijina ne, kuma ƙofar tuba a buɗe take. Sai ya miƙe ya ɗauki hularsa. "Ni na kai mata maganar nan ba tare da na tambaye ka ba. Ni zan je in kwance ta. Ku tashi kada motar Rogo ta cika."

Rogo zuwa Jajaye

Ƙarfe biyu muka bar Ƙaraye, mu uku a kujerar baya, kwalin a cinyata. Tafiyar kamar kilomita talatin ce, gonakin dawa da masara hagu da dama, gyaɗa ta rufe ƙasa shar. Ebi ya yi ta tambaya a wane reshe 'ya'yan suke fitowa, da aka ce masa a ƙarƙashin ƙasa suke sai ya ce ana yi masa wasa da hankali. Direba ya tsaya, ya tuge masa gindi ɗaya daga bakin gonar ƙaninsa ya miƙa masa ta taga.

A Rogo muka ɗauki babura uku, kowanne naira dubu da ɗari biyar saboda ruwa ya ɓata hanya. Sau biyu muka sauka muka tura. Huɗu da kwata muka tsaya a ƙofar gidanmu.

Inna tana tsakar gida gaban kasko, tana juya gyaɗa cikin yashi. Ta tsufa fiye da yadda na bar ta. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa a taƙaice, idonta a kan kwalin. Yaya Malam ya tsuguna kusa da ita ya yi mata magana a hankali, ya fi minti goma. Na ji ya ce, "Laifina ne, Inna, na yi gaggawa." Sai ta sa aka shigo da Ebi.

"Kai ne abokin nasa?"

"Ni ne, Mama."

"Kai kana sha?"

"Ina sha, Mama."

"Allah ya shirye ka. Shi fa?"

"Wallahi Mama, shekara sha tara mabuɗi yana wuyansa, ko ɗigo. Mu da muke sha mun fi kowa sanin wanda ba ya sha."

Ta ajiye ludayin suyar. Ta jawo kwalin ta ɗaga kwalbar kyaftin, ta duba ta a rana, ta ce wannan za ta ci mudu guda saura kaɗan. Ta ware marar takardar nan ta ce wa Ebi in gyaɗa ta huce za ta cika masa ita da abin da ya fi wanda ya saba zubawa. Sannan ta tashi ta shiga ɗaki.

Na ji motsin kwanuka, na ji tana dama fura. Da ta fito, kofin roba na hannun hagu ta miƙa wa baƙo. A hannun dama ƙoƙon Baba ne, da ɗinkinsa na zare a gefe inda ya taɓa tsagewa.

"Ungo, Sabi'u. Ka sha hanya."

Na karɓa da hannu biyu. Na zagaya tashoshin duniya, na zuba wa manya abin da suke alfahari da shi, amma ban taɓa riƙe abin sha mai daraja irin na ranar ba. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kawo mu lafiya, da Yaya Malam da bai ji kunyar gyara maganarsa ba, da Ebi da ya yi tafiyar kwana uku don ya faɗi abin da ya gani. Na shanye furar tas, Inna ta karɓi ƙoƙon ta ƙaro mini.