Zazzaɓin Ummi Tsakanin Asibiti Biyu

Shekara bakwai ke nan da ranar da Inna ta kira ni ina tsaye a shago ina yanka katako. Ko sallama ba ta yi ba. Ta ce, "Ajiye abin da kake yi ka taho Katabu. Takwara ta riga mu gidan gaskiya." Na ce to. Sai da na share gaban shagon kafin na rufe. Har yau ban san dalili ba.

Ummi 'yata ce ta fari, mai sunan mahaifiyata. Shekararta shida, tana da sikila. A asibitin da muke kai ta cikin gari, a unguwar Kawo, ƙa'idarsu sananniya ce: mai sikila in jikinsa ya yi zafi, ko kaɗan ne, a kawo shi nan take, a kwantar da shi, a fara allura tun kafin sakamakon jini ya fito. Mun saba da haka har na ɗauka ko'ina haka ake yi.

Hutu ta je wajen kakarta a Katabu. Da zazzaɓi ya taso, Inna ba ta yi sakaci ba. Ta goya ta zuwa asibiti mafi kusa, ta faɗa musu lalurar yarinyar. A can tsarinsu daban ne: gwajin maleriya, ƙwayoyi, in bai sauka ba a dawo jibi. Ummi ba ta kai jibin ba.

Daga baya na je na ga likitan. Ya yi mini ta'aziyya kansa a sunkuye, ya ce haka ya tarar ana yi, haka ya koya. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Na nemi haushinsa a raina ban samu ba. Ban samu komai ba. Kwana ya ƙare, wannan na yarda da shi.

Yanzu wata nas ta gaya mini ana ƙoƙarin ɗora asibitocin yara a kan ƙa'ida guda. Wasu sun karɓa, wasu sun ce ba su da gado ko maganin da za su bi ta. Da Ummi na nan, da shekararta sha uku. Yarinya ce mai tambaya, kuma na san da ta tambaye ni ko jinin mutum canzawa yake yi tsakanin Kawo da Katabu.

Abin da ta bar mini ke nan, tambaya, sai ƙaninta Sadiku, shi ma mai sikila. Bai taɓa kwana a gidan kakarsa ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Inna ta tsufa. Da ƙaramar Sallah ta roƙe ni in bar mata Sadiku ko kwana biyu ne. Da ta ga ban amince ba, ta ce, "Har yanzu ni kake gani da laifin?"

Na ce ba ita ba ce. Na yi mata alkawarin zan koma asibitin can in tambaya wace ƙa'ida suke bi yanzu, in ta yi daidai in kawo mata shi. Har yau ban je ba.