Matakalar Baya

Dorcas Pybus tana ƙwaila ta shiga aikatau a gidan limamin cocin ƙauyenmu, kuma ta ƙofar baya ta shiga. Gida ne na jan bulo, tagogi reras, bututun hayaƙi sun fi mutanen gidan yawa. Wanda ya gina shi ya san duniya, matakala biyu ya yi wa benen. Ta gaba faffaɗa, katakonta har ɗaukar ido yake, ta liman ce da iyalinsa. Ta baya kuwa kamar maƙogwaron kaza, an ɓoye ta bayan kicin don kada bokitin gawayi ya gogi rigar matar liman. A kanta Dorcas ta ƙarar da gwiwoyinta, ta yi aure, ta haihu, ta binne miji.

Da masu zuwa coci suka ragu, aka sa gidan a kasuwa. Wa zai saya? Leonard, ɗan Dorcas ɗaya tilo, wanda ya yi arziki da manyan motoci. Ya gyara mata ɗakin matar liman a sama, ya buɗe ƙofar gaba a wangame.

"Shigo, Inna. Gidanki ne."

Ta dube shi, ta zagaya ta baya.

Haka suka zauna, shi yana hawa ta gaba, ita tana jan jiki ta baya, a cikin duhu. In baƙinsa sun zo, sai su ga tsohuwa ta ɓullo ta wata 'yar ƙofa, su miƙa mata rigunan sanyinsu. Ita kuma ta karɓa!

"Inna, kina kunyata ni. Don ki taka waccan matakalar na sayi gidan nan."

"To ka yi asara, ɗan nan. Ni nake goge ta tun ubanka yana fitsarin kwance. Ana taka abin da aka goge da gwiwa?"

"Liman ya mutu, matarsa ta mutu!"

"Ai ƙafata ba ta je jana'izar ba."

Shi dai kunnen ƙashi ne da shi, ga kuɗi, haɗin da ba ya ƙarewa lafiya. Tana asibiti da ciwon ƙirji ya kira magina, suka cire matakalar baya, suka toshe gurbin. Da aka sallamo ta, ya sungume ta kamar jaririya ya hau da ita ta gaba. Ta runtse ido tana cewa, "Yi sauri, kada a gan mu."

Ciwo ya warke, amma Dorcas ba ta sake saukowa ba. Leonard ya roƙa, ya yi faɗa, ya ce zai mayar da matakalar, magina suka ce sai an rushe rabin kicin. Kullum shi ke hawa da tiren shayi yanzu. Ranar Lahadi in mun fito coci mukan ɗaga kai, mu gan ta a taga da tsumma a hannu, tana goge gilashin.