Bangon Gabas na Ɗakin Inna

Ni ban yi boko mai zurfi ba. A aji biyu na sakandare na ajiye, na kama keken ɗinki, har yau kuma shi nake takawa. Duk mai neman zance mai ado sai ya nemi wani. Ni abin da ya sami ɗakin mahaifiyata zan faɗa, yadda na gan shi.

Gidanmu a Yakasai yake, ko in ce a can ya taɓa kasancewa, layi na biyu daga bakin titi. Gidan ƙasa ne, a soro nake ɗinki. Ɗakin Inna ne daga gabas. Tun da aka kawo ta amarya ba ta taɓa barin sa ba, in ban da wankan jegon fari da ta je gidansu. A ciki ta haifi sauranmu, a ciki Baba ya cika. Da tsufa ya kama ta, gwiwoyi suka ƙi, ido ya fara hazo, sai burinta ya koma guda ɗaya, kuma ba ta ɓoye shi: daga wannan ɗakin za a ɗauke ta a makara.

Sai dai ɗakin bango uku ne namu. Na huɗun, na gabas, na maƙwabta ne. Lokacin da kakanmu zai gina shi fili ya gaza, sai ya je wajen Malamin da ke gidan gabas. Malam ya ce, kafa azararka a bangona mana, ai Manzon Allah ya hana maƙwabci ya hana maƙwabcinsa wannan. Aka shafa fatiha, magina suka huda bango suka zura kan azara, aka yi rufi. Ba takarda, ba shaida sai Allah. Rabin unguwar haka take, wannan ya jingina da wancan, wancan ya jingina da na gaba. Duk shekara kafin ruwan fari mu muke hawa mu yi wa bangon yaɓe, su kuma indararonsu ta lungunmu yake zuba. Har muka girma babu wanda ya taɓa cewa bangon wane ne.

Jikan wannan Malamin sa'ana ne. Da aka haife shi mahaifiyarsa ta kwanta ciwo, Inna ce ta haɗa mu ta shayar. Tare muka yi makarantar allo, tare muka sha bulala. Shekarar da soja suka ce za su koma bariki, sai ga fuskarsa a fasta an manna ta a bangon kowa, har da ƙofar sorona. Ya tsaya kansila, ya kuma ci. Ni na ɗinka masa babbar rigar da ya sa ranar rantsuwa. Tun daga nan sunansa ya ɓace, kowa Kansila.

Farar hula ba su gama zama a kujera ba muka ji wani kamfani yana sayen gidajen bakin titi, wai dogon bene za a yi na ofisoshi. Aka fara da shagunan dukawa, da rumfar mai shayi, da wani tsohon benen ƙasa da tun muna yara muke jin tsoron jemagunsa. Katafila ta yi musu wuni ɗaya. Sannan dillalai suka shigo layinmu. Inna ta ce a gaya musu ba na sayarwa ba ne. Ni da Yayana muka ce mun ji mun bi. Har ina cika baki a majalisa, ina cewa yanzu ba zamanin soja ba ne, ba mai tashin mutum daga gidan ubansa. Gaskiya na faɗa, ba wanda ya tashe mu. Ba su ma buƙaci hakan ba.

Wata safiya na hau rufi zan duba indararo, sai na ga an shafa jan fenti a saman bangon gabas, tun daga wannan kusurwa har waccan. Na leƙa gidan maƙwabta, na ga mata suna ɗaure kaya. Ashe magada sun sayar, Kansila ne ya sa hannu a madadinsu.

Na aika a kira shi. Bai zo ba sai bayan la'asar, ya tsaya a bakin soro bai ko tuɓe takalmi ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ka shigo mana, ko ƙasar tamu za ta ɓata maka shadda? Ni na ɗinka ta, na san wankinta."

Ya yi dariya ya ce, "Tela, har yanzu bakin nan naka bai mutu ba."

"Jan fentin nan na mene ne?"

"Iyaka ce. Safiyo ya auna, bangon a cikin namu ya faɗo."

"Azarar Inna fa? A kansa take zaune."

"To ai shi ya sa tun farko na ce ku karɓa ku huta. Ni kaɗai ne magaji? Mu nawa ne a gidan? Kowa yana son rabonsa, wasu ko gaisawa ba sa yi. In ce musu a bar bango saboda fatihar da aka yi kafin a haifi ubana?"

Na ce, "Fatihar tana ruɓewa ne?"

Sai na ce to ya shiga ya faɗa wa Inna da bakinsa. Ya shiga, ya durƙusa a bakin gado, ya gaishe ta. Ta shafa kansa ta ce, "Ɗan nan ka yi ƙiba, siyasa ta karɓe ka." Ya yi ta kewaye-kewaye, ci gaba ne ya zo, unguwa za ta haskaka, yara za su sami aikin yi. Ta bar shi ya gama, sannan ta ce, "Duk na ji. Bangon dai za ku cire?" Ya ce kamfani ne, ba shi ba. Ta ce, "To Allah ya yi maka albarka. Tashi ka je, kar ka rasa jam'i." Da ya fita na buɗe baki zan tsine masa, ta daka mini tsawa. "Kul! Nonona ya sha. In ka zage shi, ni ka zaga."

Mun je wajen mai unguwa. Ya ce shi ma gidansa a jikin na wani yake, kuma wancan ɗin ya fara magana da dillalai. Mun je wajen injiniyan kamfanin, wani yaro mai hular roba. Bai wulaƙanta mu ba, ya buɗe mana taswira ya nuna mana layi. Na ce masa azara ba ta san layi ba. Ya ce ya fahimta, zai sa a rushe wannan ɓangaren da hannu, ba da katafila ba. Iyakar alherin da muka samu ke nan, kuma ya cika.

Sai muka yi abin da talaka yake yi. Muka kwashe jeren Inna na jikin bangon, kwalla da tasoshi tun na aurenta, muka tokare azara da itatuwa, muka kira birkila ya ja bangon bulo ta ciki. Ɗakin ya tsuke, gadonta mai rumfa da ƙyar ya koma. Duk wannan aikin tana zaune a ciki, ta ƙi fita ko tsakar gida. Tana jin leburori suna sara bangon Malam da diga ta baya, tana jan carbi. Da suka kai wajen kawunan azara sai ga su sun fito waje tsirara, baƙi ƙirin, ba ko ɗigon gara. Wani lebura ya tambaye ni ko za mu sayar.

Ƙasa da siminti ba sa shiri, kowane magini ya san wannan. Bulo ya tsaya shi kaɗai, tsofaffin bangaye biyu suka ƙi kama shi. Ga shi kamfani sun haƙa ramin harsashi dab da mu, mai zurfin da in ka leƙa sai jiri ya ɗebe ka. Marka ta zo, ramin ya cika ya zama kududdufi, ƙasar ƙarƙashinmu ta yi ta sha. Tsaga ta fito a kusurwa, da fari zare ba ya shiga, daga baya ina zura hannuna. Na cusa tsumma, na yaɓe, washegari ta buɗe.

Ranar da muka fitar da ita da hantsi ne, ana yayyafi. Ina soro na ji matata ta ƙwalla kira. Na tarar ƙasa tana zubowa daga rufi a kan shimfiɗa, azara ɗaya ta sunkuyo. Na ce, "Inna, tashi." Ta ce, "Ba inda za ni. Ai dama nan na ce." Na ce, "Makara kika ce, ba ki ce a tono ki da shebur ba." Ta riƙe ƙarfen gado. Ni na ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya, na goya ta kamar yadda ta goya ni. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Ba ta yi kuka ba, amma ba ta yi mini magana ba har aka yi kwanaki. Kafin azahar rufin ya zauna a kan gadon.

Bayan wannan me ya rage? Ɗakin da ke kusa da shi ma ya fara tsagewa. Dillalan da muka kora suka dawo, suka taya yadda suka ga dama, muka sallama. Kansila ya aiko da buhun shinkafa da jaje. Na so in mayar, Inna ta ce a dafa.

Benen yana nan, sun gama shi, duk gilashi. Inda ɗakin Inna yake, nan suka ajiye janareta. In hanya ta bi da ni nakan tsallaka ɗaya hannun titin. Mutanen layinmu kuwa an watsu, wasu sai a jana'iza nake ganin su, wasu ko a nan.

Mu can bayan gari muka kama haya, inda kowane gida yake da katangarsa shi kaɗai, an kafa fasassun kwalabe a sama, tsakanin gida da gida an bar rata sai shara da kyankyasai. Muka ba Inna ɗaki mafi kyau, mai silin da taga. Rannan na shiga gaishe ta, na tarar tana shafa bango da tafin hannu.

Ta ce, "Wannan da wa muka haɗa?"

Na ce, "Ba kowa, Inna. Namu ne mu kaɗai."

"Wancan fa?"

"Shi ma."

Ta ce, "To me yake riƙe da ɗakin?"

Na ce siminti ne da rodi. Ta janye hannunta ta kwanta, ta juya mini baya. Ba ta ga wata daminar ba. Daga wannan ɗakin aka ɗauke ta, kuma sahun da ya sallace ta bai cika biyu ba, don mutanen layin ba su san ta ba. Kansila ya iso bayan an dawo daga maƙabarta, ya ce gidan ne ya yi masa wuyar ganewa.