Kujerun da Suka Jira Kaka

Tun da na yi wayo, benci biyu ne a falonmu, da tabarma, da wata kujerar roba mai ƙafa uku da rabi wadda ba a ba baƙo sai in ba a so ya daɗe. Ba mu taɓa ganin laifinsu ba. Mama ce ta wayi gari, ana gab da faɗuwar damina, ta ce ita dai ta gaji, kushin take so.

Baba malamin makaranta ne, kuma a wurinsa duk abin da ba a taɓa amfani da shi ba bai ci jarrabawa ba tukuna. Ya ce a Lafia kullum ana yi wa ma'aikata canjin wurin aiki, suna sayar da kayansu masu kyau don kada su yi dakon su, me zai sa mutum ya je wurin kafinta? Katakon da ya shekara goma yana ɗaukar mutane, in ji shi, ya riga ya gama duk lanƙwashewar da zai yi a duniya. Mama ta ce ita ba ta san wanda ya zauna a kai ba, ba ta san zufar wa soson ya sha ba, kuma ba za ta sayo kuɗin cizon wani gida ta kawo nata ba.

Gaskiyar magana, komai na gidanmu na hannu ne. Fanka ta hannu ce, in tana juyawa sai ka ce tana tari. Talabijin na hannu ne, firji na hannu ne, kayan makarantata na yayana ne da ya tafi karatu. Ni kaɗai aka samu sabo a gidan, ni ma ƙanwata tana cewa kamar an taɓa amfani da ni.

Amma ba wannan ne ya fi damun Mama ba. Mahaifiyarta, wadda muke kira Kaka, tana zaune a Keana, aikinta dafa gishiri da rani, noma da damina. Zuwanta na ƙarshe ta tsaya a ƙofar falo, ta dubi bencinan nan, ta tambaya cikin dariya ko birnin da ake ta faɗi ke nan, don irin wannan benci akwai shi a bakin kasuwarsu. Kowa ya yi dariya, har Mama. Kaka ta manta da maganar kafin ta gama kwance ɗaurinta. Mama ba ta manta ba.

Ba a yi faɗa ba. Gidanmu ba a iya faɗa ba, sai dai kowa ya yi shiru ya je ya yi abin da ya ga dama. Baba ya riga Mama. Wata yamma sai ga shi a Keke Napep da kujera guda ɗaya ta katako, mai hannu, baƙa wuluk don tsufa, da ɗan matashin zama a kai. Wani abokin aikinsa da ya yi ritaya zai koma Adogi ne ya sayar masa. Ya ce a gwada ta a gani, in ta yi sai a nemo 'yan'uwanta. Mama ta sa na shanya ta a rana, na zuba mata tafasasshen ruwa a kowace gaɓa, na fesa mata magani, har na fara jin tausayin kujerar. Sannan aka yarda ta shiga falo, can kusurwa, kamar baƙon da ba a gayyata ba.

Na Mama sun iso bayan an yi ruwan farko. Abin da ta tara daga ɗinkinta ne ta kai wa kafinta, ta zaɓi yadi ruwan madara mai furanni. Doguwa ɗaya, gajeru biyu, an naɗe su tsaf da leda mai sheƙi. Ranar da a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gidanmu, duk layinmu ya fito. Maƙwabciyarmu Maman 'yan biyu, 'yar Eggon ce mai sayar da doya, ta bar tukunya a wuta ta zo tana tafi tana cewa, "Madam, ka yi ƙoƙari o!" Mama tana ta cewa ba komai, amma bakinta ya ƙi rufuwa.

Da aka jera su aka share ƙasa, sai na ja da baya don in sami gudun da zan faɗa kan doguwar. Mama ta riƙe ni ta wuyan riga, ina sama.

"Ba mai zama a kansu sai Kaka ta zo ta fara zama," ta ce. "Har babanku."

Baba ya gyara zama a kujerarsa ta kusurwa, ya ce shi ai dama yana da wurin zama.

An kira Kaka a waya. Ta yi murna, ta ce tana nan tafe, amma ba yanzu ba, ta shuka gyaɗa, hanya kuma ta lalace. In ruwa ya ɗauke, kafin a fara aikin gishiri, za ta zo.

Ledar kuwa ba a cire ta ba. A unguwarmu ba a cire leda daga sabuwar kujera, don in ka cire, da me mutane za su gane sabuwa ce? Akwai gidan da na sani da ledarsu ta girmi ɗan autansu. Mama ta ƙara da nata: inda ledar ta ɗan yage wajen saukewa, ta liƙe da salatif. Ta tura kujerun jikin bango don kada mu goga musu jiki. Ta rufe tagar da ke bayansu saboda feshin ruwa, ta saki labule saboda rana. Ko iska sai ta nemi izini kafin ta shiga falonmu.

Haka muka yi damina. Falo ya cika da kujeru, mu kuma muka koma zaman ƙasa gaba ɗaya, don an fitar da bencinan waje. Muna kallon talabijin a tabarma, kujeru uku suna bayanmu suna kallo tare da mu, kamar manyan baƙin da ba sa magana. In baƙo ya zo, sai ya nufi doguwar yana murmushi, Mama kuma ta tare shi da hira tana juya shi a hankali, kamar mai juya akuya daga shanyar gero, har ya tsinci kansa a kujerar roba. In baƙon babba ne, Baba yakan tashi ya ba shi tasa. Kujerar nan ta hannu ta ɗauki liman, ta ɗauki fasto maƙwabcinmu, ta ɗauki wani kawunmu da nauyinsa ya kai buhun shinkafa uku, ko ƙara ba ta yi ba. Duk lokacin da hakan ta faru, sai Baba ya shafa hannun kujerar yana duban silin.

Ni da ƙanwata muka mayar da abin wasa. In za mu fita makaranta sai mu durƙusa mu gaida kujerun, mu tambaye su ko sun tashi lafiya. Mama takan kai mana duka da ɗankwali tana dariya. Amma kowace safiya ina ganinta da tsumma tana goge ledar, tana gyara zaman doguwar da yatsa, wani lokaci ta tsaya tana dubanta.

Can cikin damina falon ya fara wani wari, kamar na rigar da aka manta a bokiti. Mama ta ce takalmana ne. Aka kori takalmana, warin bai bi su ba. Aka zargi tabarma, aka zargi bayan firji, aka ƙona turare. Ba wanda ya zargi kujerun, don ta waje suna ta sheƙi, 'yan ɗigon ruwan da ke kwance ta cikin ledar kuma mun ɗauka ado ne.

Ruwa ya ɗauke. Kaka ta aiko cewa tana tafe ranar Asabar. Ran Juma'a da safe Mama ta ce ba za ta ɗora uwarta a kan leda a wannan zafi ba, ta ɗauko almakashin ɗinkinta, ta tara mu kamar za a buɗe sabuwar gada. Ta yanka, ta yaye.

Warin ne ya fara fitowa, shi da iyalinsa. Yadin nan ruwan madara ya yi furanni fiye da waɗanda aka saya. Funfuna ce, kore da baƙa, ta bi bayan doguwar inda ta jingina da bango, ta gangaro kan mazauni, ta hau hannuwa. Duk laimar damina ta shige cikin ledar ta rasa hanyar fita. Na buɗe baki zan ce ashe wani ya riga Kaka zama, sai na ga fuskar Mama, na haɗiye. Tana tsaye da almakashi a hannu, ba ta yi kuka ba.

Na dubi Baba. Wannan ce ranar da ya yi wata da watanni yana jira, kuma na san ya tanadi jawabi. Sai ya tashi, ya cire agogonsa ya sa a aljihu, ya ce da ni, "Kama can, mu fitar da su rana."

Yinin nan kaf a tsakar gida muka yi shi. Buroshi, garin sabulu, ruwan zafi, lemon tsami. Maman 'yan biyu ta zo da nata buroshin ba tare da an kira ta ba, tana dirza tana ba Mama labarin yadda damina ta taɓa cinye mata akwatin zannuwa. Funfunar ta fita, sai ɗan tabo a baya wanda bango zai rufe. Amma soso ya sha ruwa ya ƙoshi. Ran Asabar da safe yadin ya bushe ta sama, in ka danna kuwa sai ruwa ya taso tsakanin yatsunka. Mama ta lissafa cewa motar Keana ba ta isowa sai bayan la'asar, rana tana da sauran aiki. Aka ba ni sanda aka naɗa ni mai gadi, in kori kaji da 'ya'yan maƙwabta, don har yanzu dokar tana nan, ba mai zama sai Kaka.

Na yi gadi da gaskiya. Wata kaza ce ta yi ta zagayen gajerar kujera da mugun nufi, na bi ta har bayan gida. Ina dawowa na tarar da Keke yana juyawa a ƙofa, da wata 'yar tsohuwa a tsakar gida, ta ajiye ƙullin gishirinta, tana juya baya ga doguwar. Wani ɗan garinsu ne ya rage mata hanya tun da safe. Kafin in ce Kaka, ta zauna.

Kujerar ta yi wani ƙara kamar an taka tumatir. Kaka ta nutse har gwiwoyinta suka kusa taɓa haɓarta. Mama ta fito daga kicin da ludayi, ta tsaya cak.

"Mijina, ka tsaya kana kallona ba gaisuwa?" Kaka ta ce da ni. Haka take kirana tun ina goye. Na ce ai na ga amaryar tawa ta shige rami ne, ina tunanin ko in bar ta a can in nemo wata. Ta ce in na isa in matso. Sannan ta shafa yadin da tafin hannunta, a hankali, ta bi furen da yatsa, ta ɗaga kai ta dubi Mama.

"Su ne waɗannan? Ke kika yi da ɗinkinki?"

Mama ta ce e, amma a jiƙe suke Inna, ki tashi, ta fara bayanin leda da bango da damina, maganar tana harɗewa. Kaka ta ɗaga mata hannu. Ta ce ta taso cikin rana tun daga Keana, ba ta sami wuri mai sanyi ba sai nan, a ƙyale ta ta huta. Ta tambaya ko gaskiya ne ba wanda ya taɓa zama. Na ce ko kaza ba ta taɓa ba, ni ne shaida. Kaka ta jingina sosai, ta ɗora hannuwanta biyu a cinya kamar mai jiran a ɗauke ta hoto. Ta daɗe a haka, zaninta yana shan ruwa. Mama ta koma kicin ta ce hayaƙi ya shigar mata ido, alhali da gas muke girki.

Tashin ne ya zama aiki. Ni na ja hannu ɗaya, ƙanwata ta ja ɗaya, Kaka tana zagin gwiwoyinta da yarensu na Alago. Da ta miƙe, bayan zaninta ya yi taswira. Ta ce kujera dai ta yi kyau, duk Keana ba irinta, kuma za ta faɗa wa kowa, amma irin wannan ta masu sauran ƙashi ce. Da aka shiga falo ta hango kujerar Baba a kusurwa. Baba ya durƙusa ya gaida surukarsa, ya matso mata da ita da hannunsa. Ta zauna, ta tashi, ta sake zama, ta sake tashi ba mai riƙe ta. Ta ce yawwa.

Har ta gama kwanakinta a nan take zama. Ranar komawa ta ce wa Mama, a gaban Baba, tana son abu biyu: ledar nan da aka yaye, don rufe gishirinta, da kujerar da ba ta cin mutum. Baba ba ya iya haɗa ido da Kaka, balle ya ce mata a'a. Ya ce ai dama don ita ya saya. Shi da kansa ya ɗaure ta a bayan mota, ya ja igiyar ya sake ja, ya gaya wa direba ya bi ramuka a hankali.

Da yamma ya shigo falo ya nufi kusurwa, ya tarar da wurin wayam. Ya tsaya jim. Mama tana kan doguwar tana ɗaurin zobo, tagar bayanta a buɗe. Ba ta dube shi ba, ta dai janye robarta ta matsa gefe. Baba ya zauna a hankali, ya nutse, ya ce soson ya yi laushi da yawa, kuma katakon sai an ga yadda zai yi nan da shekara goma. Kafin a gama labarai ya yi barci, bakinsa a buɗe.